Sojan da bai dawo ba, da tambayoyin uwarsa

Jakar da aka kawo mata ba ta da wani nauyi. Ina zaune daga gefe lokacin da ƙanin mijinta ya zuge ta, ya dinga fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a gabanta: agogon hannu, waya mai tsagaggen gilashi, caja, riguna biyu na gida, sai wani ɗan littafi da ya sha naɗi a aljihu, inda yaron ya rubuta lambobin mutane da 'yan basussukan da ake bin sa. Wanda ya biya, ya ja masa layi. Shekararsa 22, bai cika shekara biyu da sa kaki ba.

Hafsan da ya kawo kayan mutum ne mai ladabi, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya cire hula, ya russuna, ya ce, "Mama, sai haƙuri. Ɗanki ya rasu jarumi, ƙasa ba za ta taɓa mantawa da shi ba." Ta ce ta gode, Allah ya yi albarka. Ta jima tana juya agogon a hannunta, sannan ta ɗago.

"Ɗan nan, ya daɗe yana shan wahala kafin rai ya yi halinsa?"

Ya ce ba ya wurin.

"To akwai wani a kusa da shi, ko shi kaɗai ne?"

Ya ce zai bincika.

"Me ya kai su wurin a daren?"

Nan ya sunkuyar da kai, ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Ba ta sake cewa uffan ba. Ta mayar da kayan cikin jakar da hannunta, ta zuge.

Tun daga ranar nake jin wani abu ya tokare ni duk lokacin da aka ce an karrama sojan da ya mutu. Kalmar jarumi ba ƙarya ba ce. Yaron da ya san ana ɓarin wuta a wuri, gabansa na faɗuwa, amma ya tafi saboda an ba shi umarni kuma abokansa na can, ya ci sunan ko da bai harba harsashi ɗaya ba. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar take zama murfi. Da an ce jarumi sai a rufe tukunya, duk wanda ya kai hannu zai ɗaga a ce ba ya ganin girman mamaci. Ni a ganina matar nan ta fi kowa girmama shi a ɗakin, domin ita kaɗai ce ke neman ɗanta shi kansa, mutum guda mai suna, wanda ya mutu a wani wuri, a wata sa'a, saboda wani dalili. Sauranmu tuni mun mai da shi abin jawabi.

Mutuwar saurayi a fagen fama tana da wani ɗaci nata na daban. Dattijo in ya rasu ya bar baya: 'ya'ya, jikoki, gidan da ya gina, mutanen da ya yi wa rana. Ɗan shekara 19 ko 22 bai kai ga barin komai ba, yawanci ko aure bai yi ba. Waɗanda suka san irin dariyarsa da abin da ke ba shi haushi su ne iyayensa, waɗanda suka ba shi shekara 25 ko 30, sai abokan da rayuwa za ta tarwatsa. In uwa ta bi shi, uba ya bi shi, ƙanne suka tsufa, shi ke nan. Shekara 50 ta isa a shafe shi kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Yaƙi kuwa irin waɗannan yake ci. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu a yini guda. Da yawansu samari ne 'yan unguwa ɗaya ko wurin aiki ɗaya, waɗanda suka shiga soja tare bisa alkawarin ba za a raba su ba. Ba a raba su ɗin ba. Akwai garuruwan da layi guda ya wayi gari kusan kowane gida da makoki.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Al'ummar da ta karɓi yaro daga hannun uwarsa, ta sa masa kaki, ta tura shi inda bai dawo ba, ta gaji nauyin da 'ya'yansa za su ɗauka da ya rayu ya haife su. Farkon nauyin nan shi ne ta riƙe sunansa.

Wannan kamar abu ne mai sauƙi, amma duniya ta daɗe ba ta yi wa ƙaramin soja shi ba. Bayan gumurzun Waterloo a Turai a 1815 janar-janar sun samu gumaka da tituna, dubban ƙananan sojojin da suka mutu kuwa aka tara su a manyan ramuka, wasu aka ƙona. Sai a Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya sauya. Wani Bature, Fabian Ware, wanda shekarunsa suka hana a ɗauke shi soja, ya tafi Faransa a 1914 yana jagorantar motocin agaji na Red Cross. Ya lura ana binne samari a gefen hanya da cikin gonaki, babu mai rubuta wane ne a ina. Sai ya fara rubutawa. Daga wannan rajista aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Birtaniya a 1917, wadda a yau take riƙe da sunayen mutum miliyan 1.7 a ƙasashe sama da 150. Ƙa'idarta ita ce dutse iri ɗaya, tsayi ɗaya, ga janar da kurtu, ga ɗan attajiri da ɗan leburan ma'adinai. Masu hannu da shuni sun yi ta ƙorafi, suna so su ɗauko gawar 'ya'yansu su gina musu kabarin alfarma a gida, aka hana. Abin da aka bar wa iyali shi ne su zaɓi 'yan kalmomin da za a sassaƙa a ƙasan dutsen, kada su wuce haruffa 66. Ina yawan tuna wannan adadin. Uwa ce zaune da fensir tana ƙirga haruffa, tana gogewa tana sakewa, tana neman yadda za ta cusa shekara 20 cikin layi biyu.

Waɗanda ba a ga gawarsu ba aka rubuta su a bango. A Ƙofar Menin da ke garin Ypres na Beljiyam akwai suna sama da 54,000. Tun 1928, kullum da ƙarfe 8 na dare ake tsayar da motoci a busa musu begila a ƙarƙashin ƙofar. Ba a fasa ba sai a shekarun da Jamus ta mamaye garin a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a yammacin ranar da aka 'yantar da shi a Satumba 1944 masu busar suka koma wurinsu.

Zan so in tsaya a nan da yabo, amma ita kanta wannan hukuma ta nuna mana yadda ake tauye mamaci. A Afrilu 2021 wani kwamiti da ta kafa ya fitar da rahoto cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, yawancinsu 'yan Indiya da Masar da Somaliya da gabashi da yammacin Afirka, ba a tuna da su daidai da Turawan da suka mutu tare ba. Wasu aƙalla 116,000, ƙila ma har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam. Da yawa 'yan dako ne da suka ɗauki kayan yaƙi a ka har suka faɗi. Rahoton ya kawo maganar gwamnan mulkin mallaka na Gold Coast, wato Ghana ta yau, wanda ya ce a 1923 wai baƙar fata na ƙasar ba zai fahimci darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya nemi afuwa. Neman afuwa abu ne mai kyau, sai dai ya zo bayan shekara ɗari, lokacin da duk uwar da ta jira labarin ɗanta ta daɗe a ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu an raɗa masa suna, an kira shi da shi, ya amsa. Wani ne ya zauna a ofis ya yanke cewa sunan bai kai kuɗin dutse ba.

Wanda yake son ya ga abin da suna ke yi wa rayayyu, ya dubi bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a Biyetnam, wanda aka buɗe a Washington a Nuwamba 1982. Wata ɗaliba 'yar shekara 21, Maya Lin, ita ta tsara shi, kuma an zage ta sosai a kansa. Babu doki, babu takobi, babu janar yana nuna gaba. Baƙin dutse ne mai sheƙi da ya nutse cikin ƙasa, da suna sama da 58,000 a jikinsa, ba muƙami a gaban kowa. An jera su ne bisa ranar da kowa ya faɗi, saboda haka tsohon soja in ya sami sunan abokinsa zai ga na sauran da suka mutu tare da shi ranar a kewaye. Dutsen kamar madubi yake. Mai neman suna yana ganin fuskarsa a bayan haruffan, da furfurar da shi ya samu, wanda yake nema bai samu ba. Mutane kan ɗora takarda a kan sunan su goga fensir har haruffan su fito fari cikin baƙi, su ninke su sa a aljihu su tafi da shi gida. Wasu su bar wasiƙa, ko takalmi, ko hoton jaririn da aka haifa bayan uban ya tafi.

Shi ya sa kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba yake raba mini hankali biyu. Ranar 11 ga Nuwamba 1920 Birtaniya ta binne irin wannan gawa a majami'ar Westminster cikin sarakuna, Faransa ma ta kai tata Faris a rana ɗaya, Amurka ta bi sahu a maƙabartar Arlington a 1921. A lokacin jinƙai ne babba. Dubban ɗaruruwan iyaye ba su da kabarin da za su tsaya a kai, sai aka ba su guda ɗaya, kowace uwa ta ce ƙila nawa ne. A makon farko kaɗai mutum fiye da miliyan ɗaya suka bi layi a Landan. Ba zan raina wannan ba. Amma sojan da ba shi da suna ya fi kowane soja daɗin sha'ani ga masu mulki. Ba shi da uwar da za ta yi tambaya, ba shi da matar da za ta zo neman haƙƙi. A ajiye masa furanni sau ɗaya a shekara, a sara masa, a watse.

A 1984 Amurka ta binne wata gawa daga Biyetnam a wannan kabari na Arlington, shugaban ƙasa Ronald Reagan da kansa ya halarta. Babu wata karramawa da ta wuce wannan a ƙasar. Daga baya alamu suka nuna gawar Michael Blassie ce, matuƙin jirgin yaƙi ɗan shekara 24 da aka harbo a 1972. Iyalinsa suka ce a tono. A 1998 gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar shi ne, suka ɗauke shi daga wurin da dakaru ke gadi dare da rana, suka kai shi St. Louis, garinsu, suka sa masa dutse irin na kowa da sunansa a kai. An ba su zaɓi tsakanin ɗaukakar da ba ta da suna da ɗansu, suka zaɓi ɗansu.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babin daga abokin gaba ya fito. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, waɗanda Ajantina ke kira Malvinas, sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255 suka mutu. Da yawa daga na Ajantina yara ne 'yan 18 zuwa 20 da aka ɗauka aikin soja na dole, wasunsu ko ɗan ƙarfen shaidar da soja ke ratayawa a wuya ba su da shi. Bayan yaƙi aka ba wani kyaftin ɗin Birtaniya, Geoffrey Cardozo, aikin tattara gawarwakinsu. Yarjejeniyar Jeniba ta 1949 ta wajabta wa kowane ɓangare ya binne mamatan abokin gaba cikin mutunci, ya yi wa kabarin alama, ya ajiye bayani. Shi ya wuce abin da doka ta nema. Ya laluba aljihun kowane yaro yana neman wasiƙa ko wata shaida. Wanda bai gane ba ya naɗe shi da kyau yadda gawar za ta jure, ya haɗa shi da 'yan kayansa, ya rubuta inda aka tsince shi da lambar kabarinsa, don ya yi imani wata rana wani zai zo nema. A kan duwatsun aka rubuta cewa sojan Ajantina ne wanda Allah kaɗai ya san shi. A 2008 ya haɗu da wani tsohon sojan Ajantina, Julio Aro, ya ba shi rahoton. Aro ya dinga bin iyaye gida-gida. A 2017 kwamitin Red Cross na duniya ya tono gawa 122 a maƙabartar Darwin, daga ƙarshe aka gane sama da 100. A Maris 2018 aka kwashi iyalai a jirgi zuwa tsibirin. Tsofaffin mata, wasu da sanda, wasu a keken guragu, bayan shekara 36 kowace ta zauna a gaban kabarin da ta tabbata na ɗanta ne. A da in sun zo sai dai su zaɓi wani kabari marar suna su yi kuka a kansa.

Suna kaɗai bai gama biyan bashin ba, domin ana iya sassaƙa sunan mutum da ruwan zinariya a kan ƙarya. Pat Tillman ɗan wasan ƙwallon Amurka ne da ya yi suna a ƙungiyar Arizona Cardinals. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya ƙi karɓar kwantiragin dala miliyan 3.6, ya shiga soja a 2002 tare da ƙaninsa Kevin. Ranar 22 ga Afrilu 2004 aka kashe shi a gabashin Afganistan yana da shekara 27. Rundunar ta ce ya faɗi ne yana tunkarar abokan gaba da suka yi musu kwanton ɓauna, ta ba shi babbar lambar yabo, aka yi taron tunawa da shi aka nuna a talabijin. Alhali tun kwanakin farko manyansa sun san harsashin 'yan uwansa sojoji ne ya same shi, cikin ruɗanin da ya biyo bayan raba ayarinsu gida biyu. An ƙona kakinsa da rigar sulkensa. Ƙaninsa yana cikin ayarin a ranar, shi ma aka ɓoye masa. Sai bayan kusan mako biyar iyalin suka ji. A 2007 uwarsa da ƙaninsa suka zauna gaban kwamitin majalisar dokoki suka zayyana yadda aka yi wasa da hankalinsu.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A nan dai ya ƙure ne saboda mamacin sananne ne, uwarsa kuma ta ƙi saki. Ɗan talakan da ba wanda ya taɓa ganin hotonsa a jarida fa? Tarayyar Sobiyet ta rasa sojoji kusan 15,000 a Afganistan tsakanin 1979 da 1989. A akwatunan ƙarfe liƙaƙƙu ake dawo da su, uwa ba ta ganin fuska, kuma a shekarun farko ba a yarda a rubuta a kan kabari inda yaron ya mutu ba. Amurka daga 1991 zuwa 2009 ta hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawa da ke sauka a sansanin Dover, sai daga baya aka bar wa iyali su yanke. Tsarin mulkin ƙasashen nan biyu ya sha bamban, amma duka sun gane abu guda: jama'ar da ke ganin gawa da idonta takan fara tambaya.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce yaƙi yana da sirri, in aka fallasa kowane kuskure gwiwar sauran sojoji za ta yi sanyi, abokin gaba ya samu makami. Na yarda akwai abin da ba a faɗa yau saboda rayukan waɗanda ke filin daga har yanzu. Amma sirri irin wannan yana da wa'adi, wata uku, shekara ɗaya, ranar da aka kammala farmakin. Wanda ba shi da wa'adi rufa-rufa ne. Za a kuma ce tausayi ne, me zai ƙara wa uwa in ta ji ɗanta ya kwana yana zubar da jini yana kiran sunanta? Abokin da ya ga ƙarshensa, ya zo gaban uwar ya ce mata nan take ya cika, bai ji komai ba, tsakaninsa da Allah ne, ni ba zan kama shi da laifi ba. Sojoji sun rubuta irin wannan wasiƙa a kowane yaƙi. Amma hukumar da ta ɓoye cewa harsasai sun ƙare, ko an kira ɗauki bai zo ba, ko an tura su da motar da kowa ya san ta lalace, kanta take karewa. Kuma kuskuren da aka binne tare da yaro ɗaya yana nan da ransa, yana jiran yaro na gaba. Sojojin da suka tsira sun san abin da ya faru a daren. In suka ji an karanta wani labari daban a gaban tuta, me ake tsammani zai faru da gwiwar tasu?

Tambayar uwar ta uku ita ce mafi nauyi, ita ce kuma aka fi tsana: me ya kai su wurin? Akwai masu ganin yin ta cin amanar mamaci ne, kamar ana cewa ya mutu a banza. Ni ban ga haka ba. Soja ya yi rantsuwa zai je inda aka tura shi ba tare da musu ba. Tunda an karɓe masa bakin tambaya, wajibi ne wani ya yi ta a madadinsa, kafin a tura shi da bayan ya faɗi. Ranar 11 ga Nuwamba 1918 an sa hannu kan tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya da misalin ƙarfe 5 na asuba, za ta fara aiki ƙarfe 11. A cikin sa'o'i shidan nan wasu kwamandoji suka ci gaba da tura yara farmaki kan wuraren da za su iya shiga da ƙafa bayan azahar ba mai harbin su. Dubbai suka mutu ko suka jikkata a safiyar, a ɓangarorin biyu. Ba'amurke na ƙarshe da aka rubuta, Henry Gunther, ɗan shekara 23, ya faɗi ƙarfe 10:59. Jarumtar yaran nan ba ta wanke waɗanda suka ba da umarnin ba, kuma tuhumar masu umarnin ba ta rage wa yaran komai.

Sai maganar waɗanda ya bari, wadda ba ta buƙatar dogon bayani don kowa ya san ta. A 1865 shugaban Amurka Abraham Lincoln ya ce wajibin ƙasa ne ta kula da wanda ya ɗauki nauyin yaƙi, da matarsa, da marayansa, kuma da wuya ka sami gwamnatin da ba ta faɗin irin wannan. A aikace sau da yawa abin da ke biyo bayan fareti shi ne mace da fayil a hannu tana zarya daga ofis zuwa ofis, a ce ta kawo takardar shaidar mutuwa daga hukumar da ita ce ta sanar da ita mutuwar, a ce ta bar gidan bariki kafin hawayenta ya bushe. Uwar da na ba ku labarinta, bayan 'yan makonni ta sa aka karanta mata ɗan littafin nan. Duk sunan da ba a ja wa layi ba ta sa aka kira lambar, ta biya, don kada ɗanta ya kwanta da nauyin kowa. Wasu suka ce sun yafe, ta ce a'a, su karɓa. A lokacin ko sisi na haƙƙinsa bai zo hannunta ba.

Akwai wata uwa da ta ɗauki wannan al'amari har ƙarshensa, ita ce Käthe Kollwitz, mai zane da sassaƙa 'yar Jamus. A Agusta 1914 ɗanta Peter, ɗan shekara 18, ya zo yana roƙon a bar shi ya shiga soja. Shekarunsa ba su kai ya tafi ba sai da sa hannun uba, uban kuma, likita ne, ya ƙi. Ita ce ta taya yaron lallashin mijinta har ya yarda. A Oktoba, kwanaki kaɗan da isarsa fagen daga a Beljiyam, aka kashe shi.

Ta ƙudura za ta yi masa abin tunawa. Da farko shi ta so sassaƙawa, kwance a miƙe, saurayin da ya ba da ransa don ƙasa. Ta yi shekaru tana fama, aikin ya ƙi, domin imanin da ta yi da wannan sadaukarwa yana ta zagwanyewa a zuciyarta. A Oktoba 1918, yaƙi ya riga ya juya wa Jamus baya, aka yi kira ga sauran samari su fito a yi ta ta ƙare. Ta mayar da martani a jarida ta ce mutuwar ta isa haka, kada wani ya ƙara faɗuwa, ta ari maganar wani tsohon marubucin ƙasarsu cewa irin shuka ba a niƙa shi.

Sai a 1932, bayan shekara 18, daidai da shekarun da yaron ya yi a duniya, ta kammala. Babu Peter a cikin abin da ta sassaƙa. Mutum biyu ne na dutse a durƙushe. Uban ya miƙe ƙirji ya rungume kansa da hannu biyu, kamar mai riƙe wani abu kada ya fashe. Uwar ta duƙa gaba, lulluɓe da mayafi, kanta a ƙasa. Fuskar mijinta ce da tata. Yau suna maƙabartar Vladslo a Beljiyam, suna fuskantar sojojin Jamus sama da 25,000, sunan Peter na kan wani shimfiɗaɗɗen dutse a gaban uban, haɗe da na wasu yaran. Waɗannan sojojin mamaya ne, ƙasar da suke kwance a cikinta ba ta gayyace su ba. Duk da haka jikokin waɗanda aka mamaye suna zuwa su tsaya a wurin, domin ba wanda ya ce musu yaƙin daidai ne. Iyaye biyu kawai suka gani sun durƙusa a gaban 'ya'yan da suka bari aka tafi da su.

Babban ɗanta Hans ya haifi ɗa namiji a 1921, aka sa masa Peter don sunan kada ya ɓace a gidan. A 1942, a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kashe shi a fagen daga a Rasha, yana da shekara 21. Kakar ta rasu a Afrilu 1945, saura kwana 16 yaƙin ya ƙare a Turai.